Yadda Za Ka Ɗaga Motarka Har Ta Fi Ƙarfin Gidan Surukarka

"Taƙi ɗaya fa, Bidah! Taƙi ɗaya kawai na ce a ƙara wa gidan, ban ce a kai shi sama ta bakwai ba!"

"Gidan ubana ne zai bi tsayin motarka, Abe? Yadda ka ɗaga ta, haka za ka sauke ta."

"Ke ba ki san mota ba."

"Na san duriyan goma sha ɗaya da suka fashe a bayanta."

Kai mai karatu, kada ka damu da su. 'Yata ce Bidah da mijinta Deraman, wanda take ce wa Abe kamar yadda matanmu ke kiran miji, suna sama, tun bayan azahar suke abu ɗaya. Ni ina ƙarƙashin gida a kan gadona na katako. Allah ya ji ƙan maigidana Jusoh, da ya kafa gidan nan a kan ginshiƙai ya shimfiɗa katakon ɗaki, sai ya bar 'yar tazara tsakaninsu, wai don iska ta riƙa shiga. Iskar tana shiga, maganar tana fitowa.

Sunana Mek Jah, a gida kuma Mok suke ce min, wato inna. Aji uku na yi a makaranta, kuma ban taɓa riƙe sitiyari ba. Amma a duk ƙauyen nan babu wanda ya kai ni sanin yadda ake ɗaga a-kori-kura, ga kuma dalili.

Shekara arba'in ƙarƙashin gidan nan wurina ne. Nan nake zama da ƙawayena biyu, Che Som da Mek Nab, da butar shayi da soyayyar ayaba, muna duba lafiyar auren mutane. Sai Deraman ya auri autata ya tare a wurinmu, ya sayi mota mai jan ƙafa huɗu, ya ce rana za ta cinye mata fenti. Aka fitar da gadonmu bakin rijiya, aka shigar da ƙarfe inuwa. Shekara uku muna hira a rana. Hirar rana ba ta da auki: kafin a kai wurin daɗin, zufa ta kori kowa gida.

Yau ga ni a inuwa. Inuwar nan kuwa ita ake yi wa shari'a a sama, ko da yake su biyun ba su sani ba. In aka ɗaga gidan, motar ta dawo ciki. In aka sauke motar, nan ma ta dawo ciki. Ko wanne ya ci, ni ce a rana.

To kafin su gama, bari in koya maka. Matakai bakwai ne. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari motarka za ta yi tsayin da maza za su riƙa ɗaga hula in za su gaishe ka, kuma ba za ta ƙara kwana a ƙarƙashin gidan kowa ba. A kan mutum ɗaya na gwada, kuma bai kuskure ko mataki ɗaya ba.

Mataki na ɗaya: Nemo dalilin da za ka faɗa wa matarka

Namiji ba ya ɗaga mota don yana so. Don iyali yake ɗagawa. Ka haddace wannan, za ka buƙace shi kullum har wata uku.

Dalilin Deraman mai kyau ne, ka ara in ba ka da naka. Gonarmu ta duriyan, ƙaton ɗan itacen nan mai ƙaya a jiki da ƙamshi mai ƙarfi, tana kan tudu, hanyar kuma ta ratsa rafi. In an yi ruwa, cikin motar yana gogar wani dutse a tsakiyar rafin. Gaskiya ne yana goga. Gaskiya ne kuma Jusoh ya yi shekara talatin yana bin hanyar nan da tsohon babur da kwanduna biyu. Wannan kada ka ambata. In matarka ta ambata, ka ce zamani ya canza.

Dalilin gaskiya kuwa, ka binne shi a ƙasan zuciya. Na Deraman sunansa Seman, mai gonar da ke iyaka da tamu, wanda ya ɗaga tasa motar bayan ƙaramar Sallah.

In kai ba ka lura da motar maƙwabcinka ba, kada ka damu, Allah zai haɗa ka da tsohuwar da za ta lura maka. Muna cin shinkafa da budu, romon kifin nan namu da ake tsimawa da gishiri, wata rana na ce, "Deraman, ɗazu na ga motarka a bakin masallaci kusa da ta Seman. Wallahi na ɗauka tasa ce ta haihu."

Bidah ta ce, "Mok, ki ci abincinki."

Na ci abincina. Shi ne bai ƙarasa nasa ba.

Mataki na biyu: Auna komai

Sayi awon tela ka sa a aljihu. Auna daga taya zuwa jikin mota, gaba da baya. Auna zurfin rafin. Auna dutsen. Ka je masallaci da wuri ranar Juma'a, ka durƙusa kusa da motar Seman kamar takalminka ne ya tsinke, ka auna tasa. Che Som ta gan ka, amma ba za ta gaya wa kowa ba sai mu.

Abu ɗaya ne kada ka kuskura ka auna: tazarar da ke tsakanin rufin motarka da babban gungumen da ke riƙe da katakon gidan. Wurin ajiye mota ba ya gudu. Ka shekara uku kana shiga kana fita, me za ka auna?

Ni dai na auna, da kan tsintsiya, ina share yanar gizo-gizo. Yatsu biyar ne.

Mataki na uku: Zaɓi ƙafafun gaba

Bayan mota ba shi da wuya, a ƙara mata ƙarfe ɗaya a sifirin an gama. A gaba ne ake gane namiji, domin nan sitiyari yake, nan injin yake, nan kuma mutane ke fara gani.

Je wurin bakanike na gaske. Mu garejin Ah Lok muka je a garin Tanah Merah. Na ce muka, domin ranar ce gwiwata ta tashi, dole a kai ni wurin likita, likitan kuma ya zama ba ya nan, sai na zauna a gareji. Ah Lok Basine ne amma a cikinmu aka haife shi, ya fi limaminmu iya zagi da harshenmu, kuma budu yake sha kamar ruwa.

Ya goge hannu ya ce, "Me kake ɗauka a motar?"

Deraman ya ce, "Duriyan."

"Sai me?"

"Sai surukata."

Ah Lok ya dube ni sama da ƙasa. "To duka biyun ba sa son jijjiga. Duka biyun kuma da ƙaya."

Na ce, "Ka gaishe da uwarka, ka ce mata ta yi ƙoƙari amma bai yiwu ba."

Ya yi dariya ya sa aka kawo min shayi. Sannan ya jera abubuwa uku a ƙasa, ka saurara da kyau, domin kai ma su za a jera maka.

Na farko zoben ƙarfe ne mai kauri, a ɗora shi a kan sifirin ɗin da kake da shi. Shi ne mai arha, kafin ka gama shayi an ɗaura. Mota za ta tashi inci biyu, amma ba ta ƙara iya komai ba. Kamar mace ce ta sa takalmi mai tsini: ta yi tsawo, ba ta ƙara sauri ba.

Na biyu dogon sifirin ne da sabon shokozoba. Shi kuma iri biyu ne, mai laushi da mai tauri. Mai taurin an yi shi ne don masu rataya wa gaban mota ƙaton ƙarfe da injin jan igiya. In babu wannan nauyin ka sa shi, in ji Ah Lok, motar za ta riƙa tsalle kamar ɗan akuyan da ya ga uwarsa.

Na uku shi ne a kwance komai, har da hannuwan ƙarfen da ke riƙe taya daga sama, a sa sababbi dogaye. Da wannan ake kai inci huɗu. In ka kai inci huɗu ba tare da sababbin hannuwa ba, tayoyin za su karkace su cinye gefe ɗaya, ƙarfen da ke juya su kuma ya riƙa kuka a kowace kwana.

Daga nan sai Ah Lok ya fara faɗin gaskiya. Ya ce duk wannan ɗagawar jikin mota take ɗagawa. Tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, wadda ita ce ke gaisawa da dutsen rafi, tana nan inda take, sai dai in an sa manyan tayoyi. Ya ce mai ɗaukar duriyan da tsohuwa, na biyu ya kamace shi, mai laushi, inci biyu, ya tafi gida ya gode wa Allah.

Ga shawarata: duk sanda bakanike ya fara faɗin gaskiya, ciro waya ka duba saƙo. Ba don gaskiya ka zo gareji ba. In gaskiya kake so, ai ka baro ta a gida tana wanke-wanke.

Sai dai a ranar Deraman ya ba ni kunya. Muryar Bidah tana kunnensa, ya zaɓi zobe. Muka dawo gida, motar ta sulale ƙarƙashin gungumen lafiya lau, da saura yatsu biyu. Ina tsaye ina kallo. Ranar ko ayaba ban iya haɗiyewa ba.

Mataki na huɗu: Kada ka yarda da inci biyu

Inci biyu ba ɗagawa ba ce, gyaran zama ne. Babu mai gani. In kana shakka, bi ta gaban tsofaffi uku da ke zaune a bakin rijiya ka gwada.

Deraman ya bi ta gabanmu sau uku da safe ɗaya, a hankali, hannunsa a waje. A na ukun Che Som ta ɗaga kai.

"Deraman, wanki ka kai ta? Ta yi fes."

Ya ce, "Ba ku ga wani abu ya canza ba?"

Mek Nab ta sa tabarau ta cire. "Ni kam gani nake kamar ta ɗan zauna. Ko iskar taya ce ta ragu?"

Na ce, "Ku ƙyale min yaro. Shi mai hankali ne, ba irin su Seman ba da suka je suka yi inci uku don a gan su. Ɗana, inci biyun nan ya dace da kai. Kowa da gwargwadonsa."

Kwana goma ya yi yana juya maganar. A na sha ɗaya ya ce zai je sayo taki.

To ga yadda za ka yi a zuwa na biyu. Tafi kai kaɗai. Nuna na ukun da ɗan yatsa tun kafin a gaisa. In an tambaye ka mai laushi ko mai tauri, ka tuna za a maimaita amsarka a shagon shayi, kuma babu namijin da ke so a ce shi ne mai laushi. Sa manyan tayoyi masu haƙora. Sa bututun numfashi a gefen gilashi, ko da rafinku bai kai gwiwar agwagwa ba rabin shekara. Sannan ka ɗora fitilu huɗu a kan rufi, domin mutum bai san ranar da zai buƙaci haska kan bishiyar kwakwa ba.

Matar Ah Lok ta gaya wa ƙanwar Mek Nab cewa sau uku mijinta ya ce, "Ka tabbata?" Da zai miƙa makulli kuma ya ce, "A ina take kwana?"

Deraman ya ce, "A gida mana."

Amsar ke nan. Kada ka ƙara ko kalma ɗaya a kai.

Mataki na biyar: Shigo da ita gida a gaban jama'a

Kada ka dawo da tsakar rana kowa yana barci. Bari sai bayan la'asar, lokacin da maza suka fito shagon shayi, mata suna kwashe shanya. Fara matsa hon tun daga gada. Tsaya a gaban gidan Seman kamar wayarka ce ta yi ƙara. Leƙo ta taga ka gaishe shi daga sama.

Gaskiya ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Baƙa ce, ta tsaya kamar giwa ta sa takalmi.

In ka iso gida, kada ka rage gudu. Hannunka ya san hanya. Karya sitiyari kamar kullum ka nufi inuwa.

Ƙarar da aka ji, har mutanen ƙetaren rafi sun aiko tambaya. Fitilu huɗun nan suka gaisa da gungumen Jusoh a lokaci ɗaya. Gungumen bai ce komai ba, itacen dutse ne, ambaliya bakwai ya gani. Gidan ne ya yi girgiza ɗaya, agogon bango ya faɗo, tukunyar miyar kifin Bidah ta kife, miyar ta biyo tazarar katako ta sauka a kan sabon gilashi.

Bidah ta leƙo ta taga da ludayi a hannu. "Innalillahi! Abe, girgizar ƙasa ce?"

Deraman ya sauko, saukar ma sai da ya yi tsalle. Ya dubi gungumen, ya dubi rufin motar, ya sake duban gungumen. Ya ce, "Wa ya taɓa gidan nan?"

Wannan tambayar ka riƙe ta, tana da amfani. Kada ka taɓa fara zargin motar.

Ya ja da baya ya ajiye ta a gindin kwakwa. Ba a gama share gilashin fitilu ba, mu uku muka kama gadon katako, ni da gwiwata da ta warke nan take. Na ce, "Ɗana, kafin ka samo dabara bari mu riƙe maka wurin, kada kaji su ɓata shi."

Ya ce, "Na gode, Mok."

Yaro ne mai tarbiyya, ban taɓa cewa ba shi da ita ba.

Mataki na shida: Gwada ta da kaya mai daraja

Yanzu ka tuna da dalilin da ka faɗa wa matarka, domin ita ba ta manta ba.

Duriyan ba a tsinkarsa, shi ke faɗowa in ya ga dama, kuma daga faɗowarsa ya fara ƙirga sa'o'insa. A tsince shi da sassafe, a kai kasuwa kafin hantsi, bakinsa a rufe. Wanda ya buɗe baki a hanya ya zama na ƙudaje da dangi.

Loda su a baya, ka ɗora matarka a gaba, ka sauko tudu. Rafin kam ta haye shi kamar ba rafi, dutsen ma bai san an wuce ba. Deraman ya ce, "Kin gani?" Bidah ta ce ta buɗe baki za ta ce ta gani, sai suka faɗa ramin farko ta ciji harshenta. Daga nan har kwalta, mai taurin nan ya yi aikin da aka saye shi ya yi. Duk tsakuwar da taya ta taka sai da ta isa ƙashin bayan Bidah, ta wuce ta isa duriyan.

Duriyan goma sha ɗaya suka yi dariya kafin a kai kasuwa. Ƙamshin ya shiga kujeru, har yau in ya buɗe ƙofa ƙudan zuma ke fara shiga.

Sai maganar sauka. Ka san mace da zani ba ta tsalle. Bidah ta buɗe ƙofa a tsakiyar kasuwa ta leƙa ƙasa ta ga nisa. Mata masu sayar da kifi suka ajiye wuƙaƙe suka zo kallo. Ɗaya ta ce, "Bidah, a kira 'yan kwana-kwana ne?" Wata ta kawo akwatin kifi ta kife mata. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa suka yi tafi. Yanzu akwatin nan yana bayan mota, ya zama ɗan gida.

In matarka ta yi ƙorafi, ka ce sabon sifirin ne, zai kwanta. Ba zai kwanta ba, amma ka samu sati biyu.

A sati biyun nan motar tana kwana a waje. Tsuntsaye suka gano ta. Rana ta gano ta. Ya saya mata tamfol, iska ta ɗauke shi ta kai wa Seman. Sannan wata safiya kwakwa ɗaya, ɗaya tak, ta saki uwarta ta sauka a kan murfin injin, ta bar rami kamar kwanon miya. Deraman ya daɗe a tsaye yana shafa ramin. Sai ya juyo ya dube mu a inuwa, muna tsoma ayaba a shayi. Ya ɗaga kai ya dubi gungumen. Ya dubi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi.

Na ce wa Che Som, "Yaron nan ƙirga yake yi. Mun shiga uku."

Mataki na bakwai: In mota ta ƙi shiga gida, ɗaga gidan

Kada ka ji kunya, ba hauka ba ne. Mu da muke tara maza ɗari su ɗauki gida sukutum a kafaɗa su kai shi wata unguwa, taƙi ɗaya ne zai gagare mu? Aro jak takwas. Sayo bulon siminti da za a cusa a ƙarƙashin ginshiƙai. Gayyaci maza ashirin, ka sa a dafa musu shinkafa da kaza a gidan yayarka don kada matarka ta ji ƙamshi. Ka bar ta ta gani da idonta da safe, mata suna son abin mamaki.

Haka muka wayi gari yau, tsakar gida cike da maza da jak.

Sai dai akwai abin da Deraman bai sa a lissafi ba, shi da ya taso a gidan siminti a gari. A nan babu mai sa hannu a ginshiƙin tsohon gida sai Tok Sulong ya zo ya ce bismillah. Shi ne kafintanmu, ya haura tamanin, kuma yana cikin waɗanda suka sassaƙa gidan nan. Mazan suka ce sai an kira shi. Aka ɗauko shi a babur. Ni ban aika masa da komai ba, in ban da ɗan kwanon duriyan da aka dama da sukari, jiya, saboda zumunci.

Ya zagaya gidan da sandarsa ya ce, "Wa ya ce a ɗaga?"

Deraman ya ce, "Ni ne, Tok. Taƙi ɗaya kawai."

"Taƙin wa?"

"Taƙi dai, Tok. Na kowa."

Tok Sulong ya tofar da yawu. Ya ce gida ba a auna shi da taƙin kowa, da jikin matar gida ake auna shi. Faɗinsa da buɗin hannuwanta biyu, matakalarsa da takunta, ƙarƙashinsa kuma tsayinta a ƙara kamu ɗaya na hannunta. Gidan da ya fita daga ma'aunin matarsa ba ya zaunuwa: yau ciwo, gobe faɗa, kaji su daina ƙwai. In ana so a canza tsayi, sai a sake auna matar gida a ga abin da jikinta ya ce.

Deraman ya yi wuf ya ce, "To a auna Bidah. Ta fi Mok tsawo."

Tok Sulong ya dube shi. "Mek Jah ta rasu ne ba a gaya min ba?"

Na yi tari daga kan gado don a tabbatar.

Aka tsayar da ni a jikin ginshiƙin tsakiya. Akwai tsagar da aka yi da wuƙa a jikinsa ranar da aka auna ni ina amarya, ina da shekara goma sha tara da wuya kamar na barewa. Maza ashirin suka matso kallo. Tok Sulong ya ɗora sandarsa a kaina ya kai ta jikin itace. Ba zan ce na miƙe iyakar miƙewata ba. Gwiwar nan tana da ranakunta.

Ya sa yatsu tsakanin sandar da tsohuwar tsaga. Huɗu suka shiga.

Ya ce, "Ta ragu." Ya juya wurin Deraman. "Bisa ƙa'ida, sauke gidan ya kamata a yi da yatsu huɗu. Amma tunda an saba da shi haka, a bar shi. Ina shinkafar da aka ce an dafa?"

Seman ne ya fara dariya, har ya zauna a kan jak. Suka cinye kazar tas, kowa ya ɗauki jak ɗinsa ya tafi. Bidah ta jira sai da baƙo na ƙarshe ya fita. Sannan ta ce, "Abe, hau sama, ina da magana." Maganar ce ka tarar ana yi.

Wanke hannu

To ka ji matakai bakwai. Ni Mek Jah ban ce ka bi su ba, cewa na yi in ka bi za su yi aiki. Fitilar da ta fashe, duriyan da ya buɗe baki, harshen da aka ciza, matar da ta koma gidan iyayenta ko ta kore ka daga nasu, babu hannuna a ciki. Ban san sifirin ba, ban san shokozoba ba, aji uku na yi. In an tambaye ni zan ce tsohuwa ce ni, kunnena ma ba ya ji sosai. Wanda ya ga ya cutu ya je wurin Ah Lok, shi ma zai ce sau uku ya tambaya.

Tsaya. Sama ta yi shiru. Ba na son wannan shirun.

Ga muryar Bidah, ta yi laushi, irin laushin da ta gada a wurina. "Abe, ba don ni ba. Dubi ramin da kwakwa ta yi mata. Damina na zuwa. Ka mayar da ita inci biyu, mai laushi, ta koma inuwarta. Wa zai ce wani abu?"

Katako ya yi ƙara, ya zauna ke nan. Ya ja dogon numfashi. "To. Gobe in Allah ya kai mu zan kai wa Ah Lok."

Che Som ta damƙe min hannu. Mek Nab ta fara tattara kofuna.

Na ɗaga kai na saita bakina da tazarar katako. "Madalla, ɗana! Allah ya yi maka albarka!"

"Mok?" in ji Bidah. "Tun yaushe kike nan?"

"Yanzu na zauna. Deraman, ka yi daidai. Namijin kirki shi ne wanda in matarsa ta ce hau ya hau, in ta ce sauka ya sauka. Ga Che Som nan har ta yi ƙwalla. Ta ce gobe a gidan biki za ta ba kowa labari, don sauran maza su yi koyi da kai."

Che Som ta ɗaga murya. "Tun daga inci huɗu har zuwa biyu, ba zan rage komai ba!"

"Mok!" in ji Bidah. "Mok, wallahi ke ce! Tun farko ke ce!"

Amma kujera ta riga ta kife. Ƙura tana zubo mana a shayi.

"Ba za a sauke ta ba!" in ji Deraman. "Ko rabin inci! Ta kwana a waje har tashin ƙiyama, kwakwar duniya duk ta faɗo mata! Kuma gobe zan mayar da fitilun, shida zan sa!"

"Abe, tsaya ka ji, ba ka ga abin da take yi ba ne?"

Takunsa ya ratsa ɗakin ta kan kawunanmu, ya fizgi makulli daga ƙusa, ya fita ya maka ƙofar da ƙarfin da sai da ginshiƙan Jusoh goma sha biyu suka amsa.